Gwiwar Yaya Zulfa

Ni Jibril, ɗori na gada. Duk unguwarmu Didaouré a Sokodé wanda ya karye ƙofata ake kawo shi, wasu ma tun daga Blitta. To da na ji yayata Zulfa ta yarda an cire mata gwiwa an sa ta ƙarfe, raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙaninki maɗori, ki kai ƙafarki wurin masu wuƙa?

Sati shida bayan aikin na hau mota daga Sokodé zuwa Dapaong, inda take aure. Na same ta a tsakar gida tana dogara sanda, tana koyon tafiya. Bana za ta Makka, kuma ba ta da buri sai ta yi ɗawafi da ƙafarta, ba a tura ta a keke ba.

"Gwiwar ta yi tauri, Jibril," in ji ta. "Amma likita ya ce kada in damu. Wai jijiyoyin gefe biyu ya daidaita su kamar igiyoyin rumfa, kada ɗaya ta fi ɗaya saki. A hankali za ta lanƙwasu."

"Rumfa kuma! Haba Yaya, miƙo ƙafar nan."

Ta miƙo. Na shafa man kaɗanya, na danne cinya, na kama dunduniya na murɗa na fizga, yadda nake wa targaɗe. Wani abu ya ce ɗas a ƙarƙashin tafina. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi.

Da ta miƙe, gwiwar ta karkace ciki kamar ƙafar tsohon tebur.

A asibiti likitan ya riƙe ƙafar, ya kaɗa ta hagu da dama, tana ta lilo a hannunsa.

"Jijiyar ciki ta tsinke," ya ce. "Sai an sake aiki. Ɗawafin bana kam sai a keke. Mama, me ya faru?"

Wallahi na buɗe baki zan faɗa. Ta riga ni.

"Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki."

Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga ido. Likita ya juyo wurina.

"Kai ne ƙaninta? To ka kula mini da ita. Ko da wasa kada ka bari masu ɗori su taɓa ƙafar nan."

"To, likita," na ce.

Yaya ta lalubi sanda ba ta samu ba. Sai ta miƙo hannu ta kama nawa, wanda har lokacin yake warin man kaɗanya, ta ce, "Tashe ni, Jibril."