Minti Biyun Illo

Shirin "Zauren Talaka" na wata rediyo mai zaman kanta a Tasawa yana da doka guda: minti biyu ga kowane mai kira. Sirajo, mai gabatarwa, ya kafa ta tun wani lokacin zaɓe da wani ɗan jam'iyya ya riƙe layi rabin awa.

Illo, makiyayi a arewacin Mayahi, bai taɓa kira ba sai ranar Alhamis da aka gayyato magajin garinsu. Gonaki sun cinye burtalin da shanunsa ke bi zuwa rijiya, bara taku ɗaya, bana taku biyu. Damina saura wata guda. In aka yi shuka kafin a gyara iyaka, sai dai ya tashi daga rugar ubansa.

Ya hau tudun da waya ke samun rezo, matarsa Fadimatu na biye da rediyo. A kira na goma layi ya shiga, ya faɗi sunansa.

"Baba Illo, muna jin ka," in ji Sirajo. "Mi ke tafe da kai?"

Illo ya yi gyaran murya. Dattijo ba ya faɗa wa magana kamar ɓarawo. Ya gaida Sirajo da iyalinsa. Ya gaida magajin gari, ya tambayi gajiyar hanya. Ya gaida Zulfa mai nono, da Mas'udu mahauci, da limami. Ya gaida maƙwabcinsa Na Allah, wanda shingensa ya fi na kowa shiga burtalin, don ba a tsallake maƙwabci.

"To, dalilin kirana..."

Ƙit. Minti biyu sun cika.

"Sannu da aiki," Fadimatu ta ce. "Saura jakin limami ba ka gaisar ba."

Illo ya zauna a kan rairayi.

Sai dai wanda aka gaisar a rediyo dole ya amsa a rediyo. Zulfa ce ta fara kira.

"Ina amsa gaisuwar Baffa Illo. Kuma ranka ya daɗe, maganar burtali ce ta kai shi tudu, tsufa ya hana shi isowa gare ta."

Mas'udu ya biyo, ya faɗi faɗin hanyar a da da yanzu. Na uku Na Allah ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mutumin ga ya ambaci sunana duniya na ji, bai haɗa da ƙara ba. Shingena ne. Zan ja shi baya, amma a sa sauran su ja nasu, kada in zama ni kaɗai sakarai."

Aka ji magajin gari yana dariya. Ya ce ranar Litinin zai zo da mai gari da igiyar awo, kowa ya fito da gatarinsa.

Illo ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Litinin," ya ce wa Fadimatu. "A dama fura da yawa."