Ranar Toshe Ƙofar Rafi

Nababa magini ne. A cikin ganuwar Birnin Gwari aka yanke masa cibi, kuma kamar yawancin 'yan birni, ya ɗauka duk wanda ke kwana a bayan ganuwa taurin kai ne ya kai shi. Saboda haka da umarni ya fito daga fada cewa a toshe Ƙofar Rafi, wadda ke kallon daji, shi bai ga abin magana ba. Bara saura kaɗan mahara su kutso ta nan. A toshe ta, kowa ya bi Babbar Ƙofa, a huta.

Yadda aka saba aikin ganuwa, mutanen ƙauye ke kawo ruwa, makiyaya su sa shanunsu su tattake ƙasa, magina su jera tubali. Ranar aikin da hantsi Nababa ya iso ya tarar kowa ya zo, amma ba mai aiki. Tuluna duk a kife. Manoma da makiyaya, maza da mata, sun fi ɗari, sun zauna sun cika bakin ƙofar, ba mai ko tari. Sai ga Galadima nan tafe, wanda aka ɗora wa aikin, da dogarai huɗu riƙe da bulala.

"Wa ya zaunar da ku?" in ji Galadima.

Wata mata ta miƙe. Huraira ce, mai gona a bakin rafi, wadda mahara suka tafi da mijinta bara.

"Ranka ya daɗe, tsoro ya zaunar da mu. In an buga gangar hari, ta nan muke shigowa. In kun toshe, ta ina za mu bi?"

Ba a tambayi Nababa ba, amma bakinsa bai taɓa jiran tambaya ba. "Haba baiwar Allah! Babbar Ƙofa fa ga ta can. Kullum ina hangenta daga kan ganuwa, ko jifa ka yi sai ya kai."

"Daga sama kake hange, Malam," in ji Huraira. "Ka taɓa zuwa da ƙafa ta waje?"

Bai taɓa ba. Me zai kai shi?

Sai wani tsohon makiyayi, Bakoji, ya matso da sandarsa. "Allah ya ba ka nasara, ni na ga shigowarsu bara. Ina fara tatsa suka ɓullo bakin daji, kafin in gama da saniya ɗaya sun iso gonaki. Ga saniya nan. Magini ya tashi daga gonar Huraira ya nufi Babbar Ƙofa, ni kuma in fara tatsa. In ya riga ni, mu da kanmu za mu kwaɓa muku ƙasa."

Galadima ya dubi Nababa, ya dubi dogarai, ya ce ya yarda. A ransa an riga an gama.

Da suka isa gonar, Nababa ya tattare rigarsa zai zura, Huraira ta tare shi. "Tsaya tukuna. Mu ba haka muke gudu ba." Ta shiga bukka ta fito da surukarta, tsohuwa wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta, ta ɗora masa a baya, ta ɗaure da zane. Aka ɗaga farin ƙyalle don Bakoji ya gani daga ƙofa.

Da farko abin wasa ne, tsohuwar ba ta fi damin gero nauyi ba. Amma da ya doshi ganuwa sai ya ci karo da gwalalo, ramin nan mai zurfi da aka kewaye birni da shi. Daga sama siririn layi ne, daga ƙasa kuwa ya fi tsayin mutum biyu. Ya bi gefensa, sarƙaƙiyar da aka dasa don tare dawaki ta tare shi, ta tura shi can cikin fadama. Laka ta kama shi har gwiwa. Ƙaya ta yage masa ƙwauri. Tsohuwa kuwa salati take ta yi a hankali cikin kunnensa. Nan ya gane ita ba gwaji take yi ba, bara take tunawa. Tsoro ya kama shi na gaske, har ya waiwaya ya dubi bakin daji.

Yana cikin fadamar ya ji kiran Bakoji daga nesa, irin dogon kiran da suke yi wa shanu. An gama tatsa. Ko rufin Babbar Ƙofa bai hango ba.

Ya dawo yana ɗingishi, ya sauke tsohuwa a inuwa. Ga ƙwarya cike da madara a gaban Galadima, kumfarta har ta fara kwanciya.

"An gani," in ji Galadima, fuska a murtuke. "Amma umarni umarni ne. Nababa, ɗauki tubali."

Dogarai suka warware bulalai. Nababa ya dubi tarin tubalin. Gidansa na ciki, matarsa Mairama na ciki, ba abin da zai same su in ya ɗauka. Kunya ce ta hana shi, kunyar maganar jifan nan da ya yi. Ya je ya zauna a ƙasa kusa da Bakoji.

"Ranka ya daɗe, ka sa a yanke hannun in ka ga dama. Ba zai jera wannan ba."

Sauran magina suka sunkuyar da kai, ba wanda ya motsa. Galadima ba wawa ba ne. Ya san ba a dukan mutum ɗari sannan gobe a ce su kawo ruwa, ya kuma san ba ya komawa fada hannu rabbana.

"To. Ƙofa ta zauna bana, zan kai magana gaba. Kai kuwa, tunda nasu ya fi maka, ka kwashe iyalinka ka koma cikinsu kafin la'asar. Ba ka da gida a birni."

Da la'asar suka fito, shi da tabarmi da kayan aiki, Mairama da tukwane a ka, ciki wata bakwai. Sai da suka ƙetare Ƙofar Rafi ta tsaya, ta juya ta dubi ƙofar, sannan ta dubi dajin da ya yi baƙi ƙirin a gabansu.

"In sun zo, ta nan za mu gudo?"

"Ta nan."

"Mu duka? Da mutanen nan duka?"

Ya ce e.

Ta daɗe tana kallo. "Nababa, ai ba ta cin mutum biyu a jere."

Ya sani. Shi ya rage faɗinta shekara uku da suka wuce, har aka yaba masa.