Kiran Tiam-hok Gida

Tun da aka rushe maƙabartar kan tudu, mijin Kim-ki bai ƙara shigowa gida ba. A da, duk da ya mutu, yana nan abinsa. Ta kunna masa turare a gaban allon sunansa, ta ajiye masa shinkafa da kifi, ta zazzaga masa masifa, gida ya yi ɗumi. Yanzu turaren mutuwa yake yi a tsakiya. Abincin ma in ta ɗanɗana daga baya, da gishirinsa da zaƙinsa, ba wanda ya taɓa, alhali a da in ya ci lami yake komawa. In ta kishingiɗa da rana sai ta gan shi a tsallaken titi, tsaye cikin wasu mutane da ba ta sani ba, bakinsa a buɗe.

Aikin Magajin Gari Ang ne. Filin wasa yake so a kan tudun. Aka manna sanarwa cewa kowa ya zo ya ɗauki tulun ƙasusuwan mamacinsa, lokacin Kim-ki tana kwance a asibiti da karyayyen ƙugu. Ko da ƙafarta ma, wa ya koya mata karatu? Tulunan da ba a zo ɗauka ba aka juye su a rami ɗaya a ƙarshen filin, aka ɗora ɗan ɗaki a kai, aka ce na marasa kowa ne. Mijinta Tiam-hok, mai mata da ranta, wai marar kowa! Ta bi ofis-ofis tana ɗingishi. Ko'ina shayi ake ba ta, a nuna mata ƙofa ta gaba.

Sai zaɓe ya zo. Ran da motar kamfen ɗin Ang ta shigo kasuwar safe, lasifika tana rangaɗa sunansa, ana fasa tartsatsin wuta, Kim-ki ta tsaya a tsakiyar hanya. A hannu ɗaya reshen gora da tsohuwar rigar mijinta ɗaure a kai, a ɗayan baƙar lema.

Wata budurwa cikin masu rakiyar ta rugo da murmushi. "Kaka, matsa gefe kaɗan. Ga tawul, ki tuna lamba biyu ran zaɓe."

"Riƙe abinki ki share majina. Kira min Ang, ɗan A-bi mai kifi."

Ang ya sauko yana ruku'u, farar safa a hannunsa. "Inna, lafiya? Gwiwa ce? Mun buɗe sabon asibiti."

"Ni na sha goya ka uwarka tana fere kifi, har fitsari ka yi min a baya. Ina ka kai mijina?"

Masu kayan miya suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Da ya gane zancen, ya sassauta murya. "Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙasusuwan sun haɗe. Ko ni na shiga ramin da kaina ba zan iya ware nasa ba."

"Wa ya ce ka ware ƙashi? Shi nake so. Na je bakin ramin na kira shi har muryata ta dushe. Jama'a cunkushe a ciki kowa yana kukansa, ina zai ji tsohuwa? Kai kuwa ga ka da wannan abin haushin a kan mota. Kai ka fitar da shi, kai za ka kira shi, ka riƙe masa lema har gida, tunda ban haifi ɗan da zai riƙe ba."

Budurwar ta raɗa masa cewa ba a kiran matacce da motar kamfen ana gab da jefa ƙuri'a, baƙin jini ne. Ang ya dubi wayoyin nan, ya dubi rigar da ke lilo a kan goran. Ya karɓi lemar.

A bakin ramin ya kai makirfo baki. "Lim Tiam-hok! Taso mu tafi gida!"

Kim-ki ta jefa kwabo biyu a ƙasa, yadda ake tambayar mamaci. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, ya amsa. Duka biyun suka kife.

"Bai san muryarka ba. Faɗa masa ko kai wane ne, da abin da ka yi."

Ang ya sake kai makirfo baki. Lasifika ta kai maganar har unguwannin da ke ƙasan tudu. "Ni ne Ang, Magajin Gari. Ni na sa aka tone ka. A yi haƙuri. An bar ku a nan ba kowa. Ku taso mu tafi gida."

Ɗaya ya kife, ɗaya ya buɗe.

Suka gangaro a ƙasa, mota tana binsu a hankali. Kim-ki tana gaba da goranta, tana faɗa wa mijin hanya don kada ya ɓace: "Tsoho, ga gada, tsallaka. Ga kwana, bi dama." Masu shaguna suka riƙa jawo ƙofa suna juya baya, iyaye suna rufe wa yara ido. Rana tsaka, zafi kamar ya narka kwalta, amma leɓen Ang ya yi shuɗi. Ya sauya lemar daga dama zuwa hagu, can ya kama ta da hannu biyu. Karnukan layin ba wanda ya yi haushi, duk sun shige ƙarƙashin motoci.

A ƙofar gida ta kwance rigar, ta shimfiɗa a gaban allon, ta kunna turare. Ya kama ci sosai, hayaƙi ya miƙe.

"Ka shigo?" Ta jefa. Ya amsa.

Hankalinta ya kwanta. Amma sanyin da ke ɗakin ya fi na mutum ɗaya. Tana jinsa a wuya, a bayan kunne, har bakin murhu, irin numfashin mutane a motar haya da ta cika.

"Kai kaɗai ne?" Duka biyun suka kife.

"Halinka ke nan! Da ranka ma ba ka taɓa dawowa ba sai ka kwaso min 'yan cin banza."

Ta ɗauko tukunyar shinkafa, ta fito bakin ƙofa, ta watsa musu cokali uku a ƙasa, don ba a korar baƙo da yunwa. Sannan ta nuna titi, inda Ang yake ƙoƙarin hawa motarsa.

"Ku saurara, bayin Allah. Miji ɗaya na aura, ɗakina ɗaya. Ba ni na ce ku taso ba. Ga wanda ya kira ku can, duk gari ya ji. Gidansa bene ne, da ɗakuna. Ku bi shi."

Labulen ƙofar ya ɗaga, ya daɗe a sama, sannan ya sauka. Ta koma ciki ta jefa kwabban. Shi kaɗai ne.

Ta leƙa ta taga. Ang yana tsaye a bayan motar, budurwar tana ta fama ta karɓi lemar ta rufe, yatsunsa sun ƙi saki. Direba ya tayar, motar ta lotsa har ƙasa kamar an yi mata lodin siminti, ta ja da ƙyar.

Kim-ki ta rufe tagar, ta zuba abinci a kwano ɗaya.

"Ci, ka rame."