In Mutum Ya Duba Bai Ji Komai Ba

Da malamar kimiyya ta koma aiki bayan rasuwar ƙaninta, shugabar makaranta ta kira ta ofis ta ce an rage mata darussa. A maimakonsu za ta riƙa yi wa 'yan aji uku zaman natsuwa kowace safiya, tunda ita aka tura horo a kan haka bara.

"Ba wahala," in ji shugabar. "Su zauna, su rufe ido, su saurari numfashinsu. Ke ma zai yi miki amfani."

Ta ce to. Ko da cewa aka yi ta share harabar makarantar da tsinken ashana, to ɗin za ta ce.

Ƙanin nan ita ta goya shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko yana ihu. Mota ce ta buge shi a hanyarsa ta dawowa daga aiki. A asibiti aka ɗaga mayafi, ta duba, ta ce shi ne. Mahaifiyarsu ta yi kuka har muryarta ta dashe. Ita kuwa ta dafa wa masu gaisuwa shayi, ta wanke kofuna, ana ta yaba tawakkalinta. Jira take kukan ya zo, bai zo ba.

Ajin yana da fanka da ba ta juyawa da taga ɗaya da aka toshe da kwali. Takan tsaya gaban allo ta karanto abin da aka koya mata, murya ba hawa ba sauka.

"Ku ajiye ƙafafunku a ƙasa. Ku saki kafaɗa. Ku ji iska tana shiga, tana fita. In tunani ya zo, kada ku kore shi, kada ku bi shi."

Da farko wasa suka mayar da abin. Wani dogo a bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, cikina ke ƙugi. Shi ma in saurare shi?"

"Ka saurare shi."

Aji ya kwashe da dariya, ana jiran ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Tsokanar wanda bai tanka ba ta da daɗi, sannu a hankali suka haƙura suka riƙa yin shiru. A ɗakin malamai har malamin lissafi yana roƙon a ba shi aronta ta je gidansa, wai 'ya'yansa sun fi kasuwa hayaniya.

Akwai wata yarinya a layin gaba da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa. A zangon nan ta yi tsit. Malamar ta lura, ba ta tambaya ba.

Wata safiya ta ce musu, "Ku duba cikin ƙirjinku. Me kuke ji a wurin?"

Rediyo ba ta rufe ido ba. "Malama, in mutum ya duba bai ji komai ba fa?"

"Sai ya lura cewa bai ji komai ba."

Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya fita, yarinyar ta tsaya tana murza igiyar jakarta.

"Babana ya rasu a hutun nan."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Ban yi kuka ba, Malama. Gwaggona ta ce zuciyata dutse ce, wai ko kare ya san mai ba shi abinci. Na gwada fa. Na shiga banɗaki na tuno fuskarsa, na matse ido. Ba abin da ya fito."

A wurin horo an ce irin wannan a tura yaro ga mai ba da shawara. Ɗakin mai ba da shawarar makarantar cike yake da karyayyun kujeru.

"Ni ma ban yi ba," in ji malamar.

"Na ƙaninki?"

"Eh."

"To yaushe kukan yake zuwa?"

"Ban sani ba."

Yarinyar ta gyaɗa kai, ta rataya jaka ta fita.

Daga ranar, duk lokacin hutun tara sai yarinyar ta shigo ɗakin gwaje-gwaje ta zauna a kujerar kusa da famfo, tana cin burodinta, malamar tana duba aikin ɗalibai. Ba sa hira. Famfon yana ɗiga, hayaniyar ƙwallo tana shigowa ta taga. In an koma aji sai ta karkaɗe siket ta tafi.

Ƙarshen zango mahaifiyar yarinyar ta yanke shawarar komawa garin iyayenta da yaran. Rediyo ta zo ɗakin gwaje-gwaje sallama.

"Malama, kin yi?"

"A'a. Ke fa?"

"Kaɗan. Muna haɗa kaya na ga tabaran babana a aljihun tebur. Bai daɗe ba ma. Bayan nan yunwa na ji."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"To. Ki gaida mama. Ki riƙe karatu."

Malamar ta bi ta da kallo har ta fita ƙofar makaranta. Sannan ta kulle ɗakin, ta miƙa wa mai gadi mabuɗi. A hanya ta tuna mahaifiyarta ta ce ƙwan fitilar kicin ya mutu, ta tsaya a shago ta sayi wani. Mai shagon ya ɗaura shi ya gwada mata, ya kama, ya naɗe shi a tsohuwar jarida ya miƙo.