Zagaye Ɗaya da Hular Gaspard

Kwana uku Firmin Haudebourg ya yi yana goge hular kwanonsa, har matarsa Solange ta ce in bai ƙyale ta ba zai kankare fentin gaba ɗaya. Koriya ce mai farin layi a tsakiya, rabonsa da ita an fi shekara talatin. Ko kallon Solange bai yi ba. Ranar Lahadi za a fito da motar da suka ci tseren awa ashirin da huɗu da ita, shi da marigayi Gaspard Levrier, kuma shi aka ce zai zagaya filin tseren da ita sau ɗaya a gaban jama'a.

Shekara tara suna karɓa-karɓa a mota ɗaya. Ruwan sama da hazon asuba Firmin ake tura wa, don shi ba ya cin birki, lallaɓa mota yake kamar mai jinyar tsohuwa. Amma awar ƙarshe, wadda ake kaɗa tuta masu hoto sun jeru, kullum ta Gaspard ce. Dogo ne, ga fara'a, ga baki. A shekarar da suka fi shan wuya Firmin ya tuƙa awa goma sha huɗu, Gaspard goma, washegari jaridu suka cika shafi da hoton Gaspard, sunan Firmin kuwa yana can ƙasa sai ka sa tabarau. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yau a garinsu akwai titin Gaspard, akwai makarantar tsere ta Gaspard, har mai gidan burodi ya sa wa wani kek sunansa. Shi Firmin gareji gare shi mai ƙofa biyu, ɗaya ma ba ta rufuwa sosai. Kishi kam yana yi, wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci, kuma mutuwar Gaspard ba ta rage masa komai ba.

A mota mai rufi ba a ganin fuskar direba. 'Yan kallo hula suke ganewa, ita ce sunan mutum. Shi ya sa Firmin ya ƙwallafa rai a kan wannan Lahadin: sau ɗaya dai a rayuwa koriyar hula ta ƙetare layin gama tsere ita kaɗai, a tafa mata.

"Ka karya kafin mu fita," in ji Solange, ta tura masa burodi da cuku. "Kada ka je ka faɗi a gaban magajin gari."

"Ni da na yi awa goma sha huɗu da ruwa kawai?"

"To, an fara. Ina jin labarin nan tun ina da haƙorana."

Fili ya cika maƙil. Motar tana tsaye bakin layi, an sake mata fenti tana ta ƙyalli, yaran makarantar tsere sun kewaye ta. Firmin ya shafa bayanta. Yana cikin ɗaure igiyar safar hannunsa sai ga Odile, matar marigayin, cikin baƙar riga, ta rungumo wani abu a ƙirjinta. Tun daga nesa ya gane shi. Hular Gaspard ce, ruwan ɗorawa, mai baƙin tauraro a goshi.

"Firmin," ta ce, "alfarma zan roƙa."

"A'a, Odile."

"Ban ma faɗa ba."

"Ai na ga abin da ke hannunki."

Ta kalli koriyar hular da ke hammatarsa, ta kawar da kai. "Mutanen nan shi suka zo gani. Ni ma haka. Sau ɗaya kawai in ga ta wuce, kamar da. Ba wanda zan iya bai wa sai kai."

"Shekara tara ina dafawa yana sauke tukunya. Yau ma da ba ya nan?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Wa ya riƙe motar nan da taya uku da rabi har gari ya waye? Mijinki yana can yana sharar barci, an lulluɓe shi da bargo!"

"Ya sha faɗa mini," in ji Odile a hankali.

"Ke ya faɗa wa. A ɗakin girki. Da aka miƙa masa lasifika fa?"

Odile ta tsaya kawai riƙe da hular. Da ta yi masa gardama da ya ji daɗi, da ya saka tasa ya wuce abinsa. Ya waiga ya ga Solange tana kallonsa daga bayan igiya, irin kallon nan da ba ya buƙatar magana. Ya ja tsaki mai tsawo, ya miƙa wa Odile koriyar.

"Riƙe. Kada ki ajiye ta a ƙasa."

Ya karɓi ta Gaspard ya saka, ta yi masa yawa. Haushi ya sa ya ja maɗaurin har ya shaƙe shi. Ya tayar da inji, ya sa giya, ya fita da niyyar ya yi musu zagayen nan a gurguje kowa ya kama gabansa.

A kwanar farko ya fara jin su. Da ya yi zaton injin ne ya samu matsala, sai ya ga mutane suna miƙewa layi bayan layi, tsofaffi suna ɗaga huluna, iyaye suna ɗora yara a kafaɗa. Ihun ya ratsa ƙarar inji, ya ratsa hular, ya shiga masa har ƙashi. "Gaspard! Gaspard!" Shekara tara yana jin wannan ihu daga bakin rumfar makanikai, riƙe da kofin gahawa da ya huce. Bai taɓa sanin haka yake daga ciki ba. Ashe abin da mutumin nan yake sha ke nan shi kaɗai! Kishi ya turnuƙe shi har idonsa ya kawo ruwa, amma abin kunyar shi ne daɗin ya fi kishin yawa. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya tsinci kansa yana fitar da hannu ta 'yar tagar yana ɗaga musu.

Ya ƙetare layi, aka kaɗa masa tuta, ya tsaya inda aka nuna masa. Ya kashe inji. Ihun bai tsaya ba, sai ma ƙaruwa ya yi. Magajin gari ya matso da furanni, masu hoto suna ture juna.

Odile ta buɗe ƙofar, fuskarta jiƙe da hawaye, ta miƙo masa koriyar hularsa. "Na gode. Fito su gan ka, Firmin. Cire wannan, su san wanda ya tuƙa."

Ya kai hannu kan maɗaurin, ya tsaya. Ya san abin da zai faru da zarar sun ga sanƙonsa: tafi na ladabi, sannan kowa ya fara neman inda ya ajiye motarsa.

"Firmin?"

Ya mayar da hannunsa kan sitiyari.

"Rufe ƙofar, Odile," ya ce. "Bari su gama tukuna."