Faifai na Shida

Dakta ba ya yarda da sakamakon da ya cika kyau. Shekara ashirin yana aikin awon iska, bai taɓa ganin jirgi da tauraron ɗan'adam sun yi baki ɗaya kamar wannan karon ba, shi ya sa kwana uku ransa a dagule yake.

Aikin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tauraro yana ratsawa ta saman garin da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ya ɗauki hoton hayaƙi. A daidai lokacin su kuma su tashi a ƙaramin jirgi, Kyaftin ya yi ta kewayawa yana hawa sama, famfo yana zuƙo iska ta cikin fararen faya-fayai na takarda, kowane hawa da nasa faifan. In an sauka, Injiniya ta kai su ɗakin awo ta auna baƙin da suka ɗauko. Tauraro ya ce hayaƙin da ya rufe garin daga gobarar daji ya taso, can ƙetaren teku. Awon Injiniya ma haka ya ce, tashi biyar a jere.

To, kawunta ne mai wurin gasa bulo a bayan gari, wanda hukuma ta ce za ta rufe muddin aka tabbatar hayaƙin na gida ne. Tun da Dakta ya ji wannan, komai nata ya koma abin zargi. Ta rufe ƙofar ɗakin awo, ya ce me take ɓoyewa? Ta fita amsa waya, ya ce ai da kawun take magana. Ko gaisuwarta sai ya ga ta yi zaƙi da yawa. Shi ne zai sa hannu a rahoton, kuma ya rantse ba zai ɗora sunansa a kan lambobin ƙarya ba.

Da zai tambaye ta kai tsaye, da an huta. Ina! Dakta ai mai dabara ne. Ranar Talata da aka sauka, ya faki idonta ya zare faifai na shida daga akwati, ya sa sabo fil wanda bai taɓa shaƙar iska ba, ya manna masa lamba. In ta rubuta wa wannan hayaƙi, ya kama ta dumu-dumu.

Laraba ce tashi na ƙarshe, daga nan masu jirgi za su karɓi abinsu. Kuma ita ce ranar da tauraron zai bi ta saman kansu sak, ga sama tas babu gajimare. Da sha ɗaya Dakta ya shigo rumfar jirgi.

Sai ya tarar da famfon a ƙasa, an wargaza shi a kan tamfol, kowane noti a jere. Injiniya tana durƙushe, hannunta duk baƙin mai. Kyaftin yana tsaye a kanta, ya riƙe ƙugu.

"Gwamma da ka zo, Dakta," in ji Kyaftin. "Ka yi mata magana, ni na gaji. Tun safe take fiɗar abin nan."

"Me ya faru?"

Injiniya ta ɗago kai. "Na shida ne, ranka ya daɗe. Fari fat ya fito, alhali na biyar da na bakwai sun yi baƙi. Ba zai yiwu ba, sai dai in famfon yana ɗaukewa a sama ba mu sani ba. In kuwa haka ne, duk awon da muka yi a baya ya zama shara. Na riga na gaya wa Kawu kada ya sa rai da komai."

Dakta ya duba agogo. "Awa nawa za ki mayar da shi?"

"Huɗu, ban da gwaji. Ka yi haƙuri, na san na kashe mana tashin yau. Amma ba zan ba ka lambar da ban yarda da ita ba."

Kunya ta rufe shi har wuya. Ya so ya yi shiru, wallahi ya so, don ba wanda zai taɓa sani. Amma ga ta nan tana ba shi haƙuri.

"Famfon lafiyarsa ƙalau," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni na canza faifan."

Kyaftin ya yi salati, ya cire hularsa ya fice. Injiniya ta daɗe tana kallon Dakta, sannan ta ce, "Saboda Kawu?"

Ya gyaɗa kai.

"Shekara takwas ina aiki a ƙarƙashinka. Ai da ka tambaye ni."

Ba ta ƙara kallonsa ba. Ta ɗauki sufana ta ci gaba da ɗaura notuna ɗaya bayan ɗaya. Yana nan tsaye har ɗaya da rabi ta yi, jirgin yana ƙasa, ita kuma da sauran aiki a gabanta.