Hancin Beltza

Da mahaifinmu ya rasu, tumakinsa muka sayar, amma karensa Beltza ba wanda ya yarda ya rabu da shi. Yayana Mikel, wanda ya yi karatun fim, shi ya kawo shawarar mu nuna wa mutane tsaunukan jiharmu ta Idaho yadda karen kiwo yake ganinsu. Shi ne mai ba da umarni, ni ce mai haɗa hoto.

Muka ɗaura wa Beltza 'yar kyamara a ƙirji, muka sake shi. Bazara guda muna abu ɗaya. Duk abin da ya kawo mana bai wuce ciyawa da kashin tumaki da gindin shinge ba.

"Maite, dubi tsaunin can don Allah," in ji Mikel. "Mutane daga ƙasashe suke zuwa kallonsa, wannan ɗan banzan ko ɗaga kai ba ya yi!"

"To Yaya, ka taɓa ganin kare yana kallon tsauni?"

Sai ya shafa kitse a saman wani dogon itacen shinge don karen ya miƙe, kyamarar ta ɗauko tsaunin. Beltza ya miƙe ɗin, ya lashe kitsen, ya dame gilashin kyamarar da maiƙo. Ni kuma na cire jan launi daga hoton, tunda kare ba ya ganinsa kamar mu. Mikel ya leƙo ya ce, "Wannan ai kamar duniya ce ta kamu da ciwon shawara."

Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kullum Beltza sai ya shiga rumbu ya kafa hanci a tsohon sirdin Baba, ya daɗe ko motsi ba ya yi. A hoto kuwa duhu ne kawai da hucinsa. Na gwada ƙara haske, na gwada ƙara sauti, duk a banza. Abin da yake ji a wurin ya fi ƙarfin na'urata.

Wata ma'aikaciyar gidan talabijin ɗin da za su nuna fim ɗin ta kalla, ta yamutsa fuska.

"Ba wanda zai zauna kallon duhu. Ku sa wa karen murya, ya riƙa ba da labari."

"Muryar wa?" na tambaye ta. "Ya gaya miki abin da yake tunani ne?"

Mikel ya taka mini ƙafa. Bayan ta tafi ya ce, "Ke dai kin fiye taurin kai. Gara a gani a gurguje da a ƙi gani."

Ya yanke wurin sirdin, ya ɗauko wani mai barkwanci ya yi muryar Beltza. Ranar da aka fara nuna fim ɗin a zauren gari, kafin a sa shi a talabijin, mutane suka yi ta ƙyalƙyala dariya har da tafi. Ban iya kai ƙarshe ba. Na fito na ɗauki motata na koma gida, washegari na ce wa Mikel ya cire sunana daga fim ɗin. Bai cire ba, kuma har yau ba mu sake aiki tare ba.